Kada Hutunmu Ya Zama na Jaki da Kaya a Ka

Tunani a kan Bisharar Markus 6:30-34



Sau ɗaya cikin shekara uku, a watan Yuli, daidai lokacin da damina ta kankama, gero ya yi kore shar, ciyawa kuma tana tsere da manomi, Ikilisiya takan karanta mana wannan ɗan gajeren labari daga Bisharar Markus. Manzanni sun dawo daga garuruwan da Ubangijinmu ya aike su biyu-biyu. Sun yi wa'azi, sun shafa wa marasa lafiya mai, sun kori aljanu, ga su kuma cike da labari. Jama'a kuwa sun yi musu caa, har kai loma baki ta gagare su. A wannan hali, da aiki ke ci, mutane kuma ke neman ƙari, sai Yesu ya umarce su su shiga jirgin ruwa su keɓe tare da shi inda ba kowa, su sarara. Shi da ya fi kowa sanin yawan girbin da ƙarancin ma'aikata, shi ne ya ce a ajiye lauje tukuna.

Wannan umarni yana da nauyi a kunnenmu, domin mu mutane ne da aka rene mu da jin kunyar hutawa. In aka ga magidanci zaune a inuwa da hantsi, sai a ce rago ne. In aka ga mace ta miƙe ƙafa a tabarma, sai a tambaye ta ko ba ta da lafiya. Ko ran Lahadin da muka ce mun huta, jiki ne kawai ke kan benci a coci, zuciya tana gona ko tana shago tana lissafin bashi. Irin wannan shi ne Bahaushe ke kira hutun jaki da kaya a ka.

Hutu doka ce

Littafin Farawa ya nuna mana Allah ya gama aikin halitta cikin kwana 6, ya huta a rana ta 7, ya kuma tsarkake ta. Annabi Ishaya ya koya mana cewa Mahalicci ba ya gajiya. Ashe ke nan hutunsa darasi ne domin mu: ya tsaya ya dubi abin da hannunsa ya yi, ya ji daɗinsa. Mutumin da aka yi cikin kamannin Allah, shi ma an yi shi domin ya yi aiki, ya kuma tsaya ya ji daɗin aikin.

Dokar ranar hutu ta zo sau biyu cikin jerin Dokoki Goma a littattafan Musa, kowane zuwa da dalilinsa. A Fitowa sura 20, dalilin shi ne halitta. A Maimaitawar Shari'a sura 5, dalilin shi ne bauta: an tuna wa Isra'ilawa cewa dā su bayi ne a Masar, Allah ya fisshe su. Ku dubi wannan dalili na biyu da kyau. Bawa ba shi da ranar kansa. Fir'auna bai san Asabar ba, tubali kawai ya sani, da adadin da za a kawo masa kafin faɗuwar rana. Saboda haka duk ranar da Ba'isra'ile ya ajiye kayan aikinsa, shela yake yi wa duniya cewa shi ɗa ne, yana da Uba, ba na Fir'auna ba ne kuma. Mu ma da aka fansa da jinin Kristi, ranar Lahadi, ranar tashinsa daga matattu, ita ce shelarmu. Wanda ya kasa ajiye fartanya ko rufe shago rana ɗaya cikin bakwai, ya kamata ya tambayi kansa ko bai koma Masar da ƙafarsa ba, ko kuɗi bai zama masa sabon Fir'auna ba.

Allah ya koya wa jama'arsa wannan a aikace cikin jeji. Manna tana sauka kowace safiya. Wanda ya ɗebi fiye da bukatarsa ya ɓoye, da gari ya waye sai ya tarar ta yi tsutsa. Amma a rana ta 6 suna ɗibar ninki biyu, ba ta kuwa lalacewa. Waɗanda suka fita nema a rana ta 7 sun dawo hannu banza. Zafin nema ba ya kawo samu.

"Amma Fada, damina ba ta jira"

Wannan ita ce amsar da manomi zai ba ni, ba kuwa amsar banza ba ce. A ƙasarmu ruwa 'yan watanni yake yi ya ɗauke. In shuka ta wuce ka, ta wuce ka sai baɗi. Mai albasa da mai shinkafa a fadama sun san ranar ban-ruwa ba ta duba kalanda. Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, ta Dogon Daji da Tambuwal da Aliero, ba shi ya yanka ranakun kasuwa ba. Ga tsadar taki, ga kuɗin makaranta, ga baki da yawa a gida.

Ikilisiya uwa ce, ta san wannan tun da daɗewa. A shekarar 321, da Sarki Kustantin na Roma ya kafa dokar hutun Lahadi, ya hana alƙalai da masu sana'a na birane aiki, amma ya bar wa mutanen karkara damar shuka in ranar ce ta dace, don kada albarkar sama ta wuce su. Katikisman Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, shi ma ya yarda cewa larurar iyali da hidimar jama'a suna iya ɗauke wa mutum nauyin hutun Lahadi. Sai dai ya yi kashedi kada larurar ta rikiɗe ta zama al'ada mai cutar da ibada da iyali da lafiyar jiki. Littafin Fitowa sura 34 ma ya ambaci lokacin huɗa da lokacin girbi da sunansu, ya ce ko a cikinsu a kiyaye hutu, domin Allah ya san a nan ne jarrabawa ta fi ƙarfi.

To, ina iyakar? Kowa ya san ta a zuciyarsa. In ruwan shuka ya sauka daren Asabar, ka je Misa ko addu'ar da Katikis ke jagoranta, ka wuce gona, Allah ya sa albarka. In garken shanu ya faɗa wa gonarka, ba wanda zai ce ka zauna. Amma in kowace Lahadi daga Yuni zuwa Nuwamba larura ce, in da rani ma ba a ganinka domin lambu, in da bazara kana ci-rani, to wannan ta wuce larura. Ko dai haɗama ce, ko kuwa tsoro ne cewa in ka saki rana ɗaya Allah ba zai riƙe ka ba. Dukansu biyu ciwon bangaskiya ne. Ku dubi maƙwabtanmu Musulmi: ran Juma'a da azahar mai shago yakan ja ƙofa ya nufi masallaci, ko da mai saye na tsaye. Ba mu ji an ce wani ya tsiyace saboda haka ba.

Jiki kuma yana da nasa hukunci, jiki magayi. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da bincike da ya nuna cewa a shekarar 2016 kaɗai, mutum kimanin 745,000 ne suka mutu da shanyewar jiki da ciwon zuciya saboda yin aikin awa 55 ko fiye a mako. Ku lissafa awannin mai tuƙa babur ko mai tsaron shago a garuruwanmu, za ku ga sun zarce haka nesa. Abin da ya fi ban tsoro shi ne dabarar da samarinmu suka ɓullo da ita. Allah ya sa gajiya a jiki ta zama ƙararrawa, su kuwa sai su haɗiyi tiramol da ire-irensa don su kashe ƙararrawar, su yi noman mutum uku a yini ɗaya. Mai gona ya yaba, ya ƙara musu kuɗi. Bayan 'yan shekaru sai a ga saurayin da ya kamata ya riƙe gida, shi ake riƙewa. Manomi ya san gonar da aka yi ta ci ba taki ba hutu, ƙarshenta sai ta ƙi ba da komai, shi ya sa kakanninmu suke barin saura. In ƙasa tana bukatar hutu, ina ga ɗan Adam da aka yi daga ƙasa?

Hutun waɗanda ke ƙarƙashinmu

Nan ne dokar ta fi kama mu, nan ne kuma muka fi yin kunnen ƙashi. Dokar Asabar ba ta tsaya kan maigida ba. Ta lissafa ɗa da 'ya, bawa da baiwa, sa da jaki, har baƙon da ke zaune a gari. An ba maigida dokar ne domin shi ke da ikon hana wasu hutu.

Bari in tambayi iyayenmu maza. Ran Lahadi bayan an tashi daga coci, kai ka tuɓe riga ka kishingiɗa a zaure. Uwargida fa? Ita ta riga kowa tashi, ta ɗebo ruwa, ta yi wa yara wanka, ta ɗora tukunya kafin a tafi, da aka dawo ta koma murhu, da yamma ga wanki, ga baƙinka da ka gayyato ba tare da ka shaida mata ba. Yaushe ce Lahadinta? Akwai matan da tun ranar da aka kai su ɗaki ba su san yini ɗaya na hutu ba, sai in jinya ta kwantar da su ko sun yi jego. Ba a rubuta doka ta uku domin maza kaɗai ba. Mijin da ya sa 'ya'yansa maza su ɗebo ruwa su faskara itace tun ran Asabar, ya kuma yarda a ci abinci mai sauƙi ran Lahadi don matarsa ta je taron Zumuntar Mata hankali kwance, ya fi kusa da kiyaye dokar bisa wanda ya yi doguwar addu'a ya bar ta cikin hayaƙi.

Haka nan ku masu shaguna da masu manyan gonaki. Yaron da ka ɗauko daga ƙauye yana koyon ciniki, kai kana coci cikin babbar riga, shi yana tsaron kanti. 'Yar aikin gida da ba ta kai shekara 14 ba, ita ce ta ƙarshe a kwanciya, ta farko a tashi. Tun a 1891 Paparoma Liyo na 13, cikin wasiƙarsa a kan halin ma'aikata, ya tsaya a kan cewa hutun ranar Ubangiji haƙƙin ma'aikaci ne, ba a kuma yarda a ɗora wa mutum aikin da ya fi ƙarfinsa ba, balle yaro. Katikisma ya ƙara da cewa kada Kirista ya ɗora wa wani bukatar da ba dole ba, wadda za ta hana shi kiyaye ranar Ubangiji. Hutun da ka saya da gumin wanda ya fi ka rauni, Allah ba ya karɓarsa. Ko jakinka da shanun huɗarka suna da rabo cikin wannan doka.

Abin da za a zuba cikin hutu

Wani zai ce: in na ajiye aiki, me zan yi? Tambayar tana da kyau, domin hutun da aka bari wayam, Shaiɗan ne ke cika shi. Mun san inda Lahadin waɗansu ke ƙarewa: gidan burukutu, ko shagon cacar ƙwallo inda kuɗin mako ke narkewa, ko kuwa mutum ya dunƙule da waya tun azahar har dare, ya tashi idanu jajur, zuciya cike da fushin abin da bai shafe shi ba. Wannan yakan maido mutum ran Litinin ya fi yadda ya bar aiki gajiya.

Wani sufi na dā, Yohanna Kasiyan, ya ba da labarin Manzo Yohanna cikin tsufansa. Wata rana wani maharbi ya tarar da shi zaune yana shafa wata makwarwa da ya saba da ita. Maharbin ya yi mamaki yadda babban mutum irin wannan zai ɓata lokaci da tsuntsuwa. Sai manzon ya tambaye shi dalilin da ya sa ba ya yawo da bakansa a ɗame kullum. Maharbi ya amsa cewa in ya bar tsirkiya a ɗaure dare da rana, bakan zai saki, ranar harbi kuma kibiya ba za ta yi nisa ba. Manzon ya nuna masa cewa zuciyar mutum ma haka take. Waliyyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ɗauko wannan misali na baka ya gina koyarwa a kai: kamar yadda barci ke warkar da gajiyar jiki, haka wasa da raha ke warkar da gajiyar rai. Har ya ce mutumin da ba ya raha sam, yana kuma ɓata wa wasu tasu, yana da aibu. Wannan malami ɗan ƙungiyar Dominikan ne, ƙungiyar da limamanta suka karɓi aikin mishan na Sakkwato a 1953, wadda kuma bishop ɗinmu na farko, Edward Lawton, ya fito daga cikinta a 1964. Koyarwarsa gadon gidanmu ce.

Saboda haka ina roƙon kowane ɗayanku ya nemi wani abu guda mai tsabta da yake yi don sha'awa kawai, wanda ba ya jiran riba daga gare shi. Ba sai mun aro daga Turai ba, ƙasarmu cike take da su. Ga dara, da gurabunta 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, ba ta cin ko sisi, tana wasa ƙwaƙwalwa, tana kuma zaunar da tsoho da saurayi, Kirista da Musulmi, a inuwa ɗaya. Ga kiwon tantabaru. Ga dasa mangwaro ko dogon yaro a ƙofar gida da ba shi ruwa har ya yi inuwa, a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Ga ɗinkin hula da saƙar faifai da tabarma. Ga langa da kokawa da ƙwallo ga samari, ga gaɗa ga 'yan mata. Ga ƙungiyar mawaƙa ta coci, da koyon kaɗa ganga da tulu. Ga karatu, ga ziyarar dangi, domin zumunta a ƙafa take. Ga kuma tatsuniya, wadda waya ke neman binnewa: uwar da ta tara 'ya'yanta a farin wata ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, ta bi da labarin Yusufu da 'yan'uwansa, ta ba su abin da kuɗi ba ya saye.

Kada kowa ya rena waɗannan. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, aka shirya masa bikin kamun kifi. Daga nan bikin ya kafu, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke taƙama da su. Mutanen da kakanninsu suka haɗu a fagen fama, sai ga jikoki suna haɗuwa a bakin ruwa da koma da gora. Wasa mai tsabta yana ɗinke abin da takobi ya yage. Waliyyi Yohanna Bosko, wanda ya rasu a 1888, da wasanni ya janyo yaran titin birnin Turin na Italiya kafin ya koya musu addu'a da sana'a. Paparoma Yohanna Bulus na 2, wanda ya zo Najeriya a 1982 da 1998, ya tsare raga a ƙwallo yana yaro, ya kuma ci gaba da hawan duwatsu yana kan kujerar Bitrus. Shi ne ya rubuta mana wasiƙa a kan ranar Ubangiji a 1998, inda ya bayyana Lahadi a matsayin ranar ibada, ranar murna, ranar hutu da ranar zumunci. In mai ɗauke da nauyin Ikilisiyar duniya ya sami lokacin sassauta tsirkiya, mu wane aiki ne ya fi ƙarfinmu?

Ma'aunin gane nishaɗi na gari mai sauƙi ne. Bayan ka gama, ka fi haƙuri da iyalinka ko ka fi faɗa? Aljihunka yana nan ko ya huje? Za ka iya gode wa Allah a kansa ba tare da kunya ba?

Waɗanda hutu ya gagara

Labarin Markus bai ƙare da hutu ba. Jama'a sun gane inda jirgin ya nufa, suka riga su isa da ƙafa. Da Yesu ya gan su ya ji tausayinsu, ya shiga koya musu. Ƙauna tana iya katse hutu, ita kaɗai ke da wannan izini. A cikinmu akwai waɗanda ba son kuɗi ne ya hana su sararawa ba. Akwai mai jinyar tsoho shekara da shekaru, akwai gwauruwa mai marayu, akwai ma'aikatan asibiti da jami'an tsaro. Akwai kuma 'yan'uwanmu, Kirista da Musulmi, a sassan Sakkwato da Zamfara da Kebbi, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, suka mai da darensu na zaman ɗar-ɗar. Ba za mu yi musu wa'azin hutu da baki kawai ba. Sai mu ɗauke musu kaya: a karɓi mai jinya na yini ɗaya, a yi wa gwauruwa gayya ran Asabar don ta sami Lahadinta, a buɗe wa ɗan gudun hijira ɗakin da zai yi barci ba fargaba.

Ga wanda gajiya ta kai shi ga fid da zuciya, ina tuna masa Annabi Iliya. Bayan nasararsa a Dutsen Karmel ya gudu daga Yezebel, ya faɗi a gindin wani itace cikin jeji, ya roƙi mutuwa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, ya sake ciyar da shi. Sai bayan haka ya yi masa magana a Horeb, ya mai da shi bakin aiki. Sau da yawa abin da muke zato mutuwar bangaskiya ce, yunwa ce da rashin barci da kaɗaici.

'Yan'uwa, ga abin da nake so kowane gida ya zauna ya yanke a wannan mako. Na ɗaya, a ba Allah safiyar Lahadi, da Fada ko ba Fada. Na biyu, maigida da uwargida su dubi duk wanda ke ƙarƙashinsu, su tabbata kowa yana da yininsa na hutu. Na uku, kowa ya zaɓi abin sha'awa guda mai tsabta, ya kuma jawo wani cikinsa, ko ɗansa ko maƙwabcinsa. Masu kula da matasa a kowace majami'a su tanadi ƙwallo da dara da ganga, kamar yadda ake tanadin littafin waƙa.

Ubangiji Yesu, wanda ya yi barci a jirgi cikin hadiri domin ya dogara ga Ubansa, ya sauke mana kayan da muka ɗora wa kanmu da waɗanda muka ɗora wa wasu. Ya ba mu damina mai albarka, ya maido da zaman lafiya a ƙasarmu, ya kai mu ga madawwamin hutu a gidansa. Uwarmu Maryamu ta yi roƙo dominmu. Amin.